Yaro ɗaya, hannaye da yawa: yadda aka horar da wani gida kan ɗansu mai galahanga

Yaron da wannan nazari ya shafa yana da shekara 6 lokacin da muka fara aiki da gidansu, a wani ƙauye na ƙasar Wudil a jihar Kano. An sakaya sunansa da na iyayensa da na ƙauyen. Shi ne ɗan fari a wurin uwarsa, wadda ita ce amarya a gidan. Uwargida tana da 'ya'ya huɗu, babbarsu yarinya ce 'yar shekara 12, kuma kusan ita ce mai rainon yaron. Kakarsa ta wajen uba tana nan cikin gidan, ɗakinta ne na farko da an wuce zaure. Uban manomi ne, yana kuma taɓa dillancin awaki da tumaki a kasuwar Wudil ranar Juma'a.

Ba maganar yaron ce ta kawo uwar ƙaramin asibitinmu ba. Ƙanwarsa ta kawo rigakafi, shi kuma ta taho da shi don babu wanda zai yarda a bar masa shi. A damtsenta akwai shatin haƙora, sabo a kan tsoho. A idon sawun yaron kuma akwai wani baƙin zobe da duk ma'aikacin lafiyar karkara ya san abin da ke kawo shi: igiya.

Halin da aka same shi

Kalmominsa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, kuma yawancinsu maimaita abin da aka faɗa masa ne. In aka kira shi ba ya waiwayowa, amma yana jin tashin babur tun daga bakin gari. Ba ya shiga wasan yara. Abin da ya fi so a duniya shi ne ya riƙe buta yana tsiyayar da ruwa yana kallon zubarsa, ko ya samu murfin kwano ya yi ta juya shi a ƙasa.

Duk wannan mutanen gidan sun saba da shi. Abin da ya gallabe su daban ne: ihu da birgima da kan ɗauki tsawon lokacin da za a dafa shayi a sha, buga kai da garu, cizon hannunsa da na duk wanda ya riƙe shi, kifar da kwanon abinci, da ficewa da gudu in ya ga ƙofa a buɗe. Sau biyu ana tsinto shi a bakin rijiyar unguwa. Bayan na biyun ne uban ya ce a riƙa ɗaure shi da gindin darbejiyar tsakar gida in mata suna aiki. Ba don mugunta ba ne. Mutumin ya auna igiya da rijiya ya zaɓi igiya.

Kafin mu san su an sha rubutu, an yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, har wani ya ba da shawarar a haɗa da barkono. Wasu sun ce ɗan ruwa ne, wasu sun ce iska ce ta shafe shi tun yana ciki, dangin uwar kuma suna ta raɗe-raɗin hannun kishiya. An taɓa sayo masa maganin barci a wani shagon magani, ya kwana biyu yana layi, uwar ta tsorata ta zubar. Uban kuma yana da tsumagiya a saman ƙofa, yana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mun tura su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A can aka duba jinsa aka ga lafiya lau, aka yi tambayoyi kan farfaɗiya, domin tana yawan zuwa tare da wannan lalura, aka ga babu alamarta, sannan likita ya tabbatar da galahanga ce (autism), lalurar da ke shafar magana da mu'amalar yaro da mutane. An kuma gano turmin haƙori ɗaya da ya ruɓe, aka cire. Wannan mataki bai kamata a tsallake shi ba. Yaron da ba ya iya cewa “haƙorina” ko “kunnena” ko “cikina ya ƙulle” da kansa yake faɗa, ya buga shi da bango. Bayan cire haƙorin buga kan ya ragu, amma sauran halayen suna nan daram.

Likitan bai rubuta magani ba, kuma ina ganin ya yi daidai. Akwai magunguna irin su risperidone, wanda Amurka ta amince da shi tun 2006 don rage tsananin fushi ga yara masu galahanga, amma yana sa ƙiba da kasala, yana buƙatar likita ya riƙa bibiya, kuma ba ya koya wa yaro yadda zai nemi ruwa.

Me ya sa aka nufi iyaye

A shekarar 2015 mujallar likitoci ta JAMA ta buga sakamakon wani gwaji da Karen Bearss da Lawrence Scahill da abokan aikinsu suka yi a cibiyoyi 6 a Amurka. Sun ɗauki yara 180 masu galahanga, 'yan shekara 3 zuwa 7, waɗanda ke da irin wannan rigima, suka raba su biyu. Iyayen rukuni ɗaya an koya musu dabarun sarrafa hali a aikace, a zama 11 na dole da ziyarar gida da kiran waya. Tsarin ne ake kira RUBI. Iyayen ɗaya rukunin an yi musu bayani ne kawai a kan lalurar. Bayan makonni 24, rigimar yaran rukunin farko ta ragu da kusan kashi 48 cikin 100, ta na biyu da kusan kashi 32. Masu tantancewa da ba su san rukunin da yaro yake ba sun ga ci gaba sosai a kashi 68.5 na rukunin farko, da kashi 39.6 na na biyu.

Abu biyu ake karantawa a nan. Horo a aikace ya fi bayani, kuma kusan yaro ɗaya cikin uku bai samu wani babban sauyi ba duk da horon. Mun faɗa wa gidan duka biyun tun farko.

Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da nata tsarin horar da masu kula da yara 'yan shekara 2 zuwa 9 masu jinkirin tasowa: zama 9 na rukuni da ziyarar gida 3, an tsara shi don ma'aikatan da ba ƙwararru ba su iya gudanarwa, an kuma gwada shi a ƙasashe irin su Habasha da Kenya. A Goa ta Indiya da Rawalpindi ta Pakistan an nuna cewa ma'aikatan lafiya na gari, in ana sa musu ido, suna iya koya wa iyaye hanyoyin mu'amala da irin waɗannan yara. Daga waɗannan muka tsinci abin da muka yi aiki da shi, ni da wani abokin aiki namiji da ya ɗauki ɓangaren uban.

Sai dai duk littattafan waɗannan tsare-tsare suna magana ne kamar yaro yana hannun mutum ɗaya ko biyu. A gidan nan, tsakanin asuba da isha, yaron yana ratsa hannun mutum biyar, kuma kowa da yadda yake karɓar ihunsa. Kaka ta ba shi abin da yake so, uwa ta ja shi ɗaki, yayarsa ta goya shi, uwargida ta daka masa tsawa, uba ya ɗauko tsumagiya. Yaro mai lafiya ma zai ruɗe, balle shi.

Gwangwani uku

Mataki na farko shi ne a lura, kada a gyara komai tukuna. Tambaya uku ake yi a kan kowace rigima: me ya faru kafin ta, me ya yi, me ya biyo baya. A Amurka takarda ake ba iyaye su cike. Uwar nan ba ta yi boko ba, kuma ko ta yi, macen da ke surfe da goyo a baya ba ta da hannun riƙe biro. Sai muka samo gwangwanin madara uku ta jera su a kan taga, na safe da na rana da na yamma. Duk lokacin da ya tayar da babbar rigima ta jefa tsakuwa a wanda ya dace. In na zo mu zazzage, ina ɗaga tsakuwa ɗaya ɗaya tana ba ni labarinta.

Gwangwanin safe ne ya fi nauyi, nesa ba kusa ba. Da muka bi diddigi, rigimar da gidan ke gani kamar ta faɗo daga sama sai ta rabu gida-gida.

Ta farko tana tashi ne da sallamar yarinya mai tallan ƙosai. Da ya ji muryarta sai ya zube ya fara buga kai, kaka ta fito da sauri tana kwance bakin zani, “Ku ba mijina ƙosai kada ya fasa kansa.” Kullum haka. Ta biyu wanka ce. Da an ɗauko bokiti sai cizo, uwar ta gaji ta ƙyale shi, wani lokaci ya kwana uku ruwa bai taɓa jikinsa ba. Ta uku tana zuwa da hantsi, daidai lokacin da ake tayar da injin niƙa a bayan katangarsu. Wannan ba neman komai yake yi ba, ƙarar ce ke yi masa ciwo. Gudun kuwa, ruwa yake bi. Rijiya da famfon burtsatse ne kawai wuraren da yake nufa, ga kuma daɗin a biyo shi ana kiran sunansa.

Da na jera mata su haka, uwar ta yi shiru, can ta ce, “Ashe magana yake yi.” Daga nan aikin ya samu ƙafa, domin wanda ya yarda cewa ihun saƙo ne zai yarda a koya wa yaron wata hanyar aika shi.

Abin da aka tsara

Mun fara da abin da ba ya buƙatar yaron ya koyi komai. Lokacin niƙa ya koma ɗakin kaka, wanda ya fi nisa da injin, da hular sanyi a kunne da murfin kwanonsa. Wanka ya koma da rana, da ruwan da aka ajiye a rana ya yi ɗumi, ana farawa daga ƙafa, moɗa tana hannunsa shi yake zubawa, kai ne na ƙarshe kuma da jiƙaƙƙen tsumma. Yaron da ke son ruwa haka bai ƙi wanka ba. Abin da ya ƙi shi ne a sheƙa masa ruwan sanyi a ka ba sanarwa.

Littattafan suna son a yi jadawalin yini da hotuna. Mu da kaya muka yi. An buga ƙusoshi a jere a bangon ɗakin uwar, aka rataya kofi, soso, takalmi, 'yar buta, da guntun bargo. Kafin kowane abu sai a kai shi ya ciro alamarsa: kofi koko ne, soso wanka, takalmi fita. Ana haɗawa da magana gajera, iri ɗaya a bakin kowa: “Soso tukuna, sannan buta.” Butar ta zama lada. Maimakon ya bi ruwa zuwa rijiya, ana ba shi cikin buta ɗaya ya yi wasansa a gindin darbejiya bayan ya gama abin da aka nema.

An kuma rage yawan magana. Mu Hausawa in muna yi wa yaro faɗa mukan haɗa umarni da tarihi da barazana a numfashi ɗaya. Shi kalma biyu yake iya ɗauka. A tsuguna daidai fuskarsa, a ce “Zauna nan,” a jira kaɗan, in bai yi ba a kama shi a hankali a zaunar, sannan a yaba masa kamar shi ya yi da kansa.

A kan yabon nan muka ci karo da abin da babu shi a kowane littafi. Yaron ɗan fari ne. Uwar ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban surukarta, balle ta tafa masa. Da na ce ta riƙa cewa “Madalla, yaron kirki” da fara'a, sai ta rufe fuska da mayafi tana dariya. “Haba Malama, a gaban Inna?” Ban ga amfanin yaƙi da kunya ba, kuma ba hurumina ba ne. Muka raba aikin: a tsakar gida yabon baki na kaka da yayarsa ne, ita uwar ta shafa kansa ta miƙa masa ɗan ƙuli-ƙuli ba tare da ta ce uffan ba. A cikin ɗaki, in ta saki labule, tana da ɗan lokaci kullum bayan azahar da za ta zauna ƙasa ta bi wasansa, in ya juya murfi ta juya nata, in ya yi sauti ta maimaita. Daga baya ta ce min wannan ne ya fi mata wuya, kuma shi ne ba ta son a fasa.

Ƙosai da kaka

Babban aikin shi ne a koya masa roƙo. Mun zaɓi alama mafi sauƙi: ya miƙa tafin hannu. Ana sayen ƙosan a ajiye, a gutsura ƙanana. Yayarsa ta tsaya a bayansa ta ɗaga hannunsa, mai riƙe da ƙosai ta ce “Ba ni,” ta sa masa guntu nan take. A maimaita, a riƙa sassauta taimakon, daga riƙe hannu zuwa taɓa gwiwar hannu zuwa jira kawai. Ɗaya gefen dokar shi ne mai ɗaci: in ya zube yana ihu, ƙosai ba ya fitowa. Ba faɗa, ba lallashi, ba kallo. In zai buga kai a sa matashi ko tafin hannu tsakaninsa da garu, baki a rufe. Da ya lafa a ɗaga hannunsa a ba shi.

Na gargaɗe su cewa abin zai ƙaru kafin ya ragu. Haka ɗabi'a take: in hanyar da ta saba biya ta daina biya, mai ita yakan ƙara ƙarfi tukuna. Kamar famfon burtsatse ne da ya ƙi kawo ruwa. Ba wanda ke tafiya a bugun farko, sai ya ƙara bugawa da ƙarfi. Sun ce sun ji. Amma ji daban, gani daban. A mako na biyu ihun ya kai maƙwabta suna leƙowa ta katanga, kaka ta fito ta fizge ƙosan daga hannun surukarta ta ba shi duka, ta ce ba za a kashe mata miji da yunwa a gabanta ba saboda maganar 'yan asibiti.

Wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce. Yaron ya koyi cewa ihu yana biya, in dai ya kai wani mataki. Ladan da ke zuwa jefi-jefi ya fi na kullum kafa hali.

Na same ta a ɗakinta tana kaɗi, na gaishe ta na zauna. Ban kawo maganar abin da ya faru ba. Na ce, “Inna, a gidan nan wa ya fi jin maganarsa?” Ta ce ita mana. Na ce to ai shi ya sa aikin ya ƙi tafiya, mun ba wa yara abin da ya kamata a ce yana hannunki. Daga ranar ƙosai ya koma ɗakinta. Ita ke riƙewa, ita ke cewa “Ba ni,” ita ke guɗa in ya miƙa hannu. Ba mu hana ta ba wa jikanta ba, lokacin bayarwar kawai muka matsar. In kuma ya zube, an yarda ta shige ɗaki ta ja ƙofa don kada zuciyarta ta karye, yayarsa ta tsare kansa.

Ina ganin a nan lamarin ya juya. Tsohuwar ba ta taɓa cewa ta yarda da bayaninmu ba, har yau tana ba shi rubutu, mu kuma ba mu ce ta daina ba. Addu'a ba ta karo da wannan aiki. Abin da muka tsaya a kai shi ne a daina hayaƙi da duka da igiya. Amma ranar da ya miƙa mata hannu da kansa ya ce “ni,” sai da ta aika aka kira maƙwabciyarta ta zo ta gani.

Uba da uwargida

Abokin aikina ne ya riƙa zama da uban a zaure bayan la'asar. Bai fara da tsumagiya ba, ya fara da rijiya, domin nan tsoron mutumin yake. Aka sa wa ƙyauren gidan sakata a sama inda hannun yaro ba ya kaiwa, uban ya yi magana da mai unguwa aka yi wa rijiyar murfi, abin da ya amfani yaran unguwar duka. Da aka samu wannan sai igiya ta rasa dalili. Maganar duka ta fi jan lokaci. Abin da ya shige shi tambaya ce: shekara nawa ana dukan nan, me ya ragu? Limamin unguwa ma ya taimaka da ya tuna masa hadisin da ke cewa tausasawa ba ta shiga abu face ta ƙawata shi. Aka ba shi nasa aikin: kullum da yamma ya ciro takalmi daga ƙusa, ya riƙe hannun ɗansa su je ba wa tumaki ruwa. Fita ta zama abin da ake yi da Baba a kan lokaci, kuma akwai zuba ruwa a ciki.

Uwargida ce aka fi zalunta a labarin gidan kafin mu zo. Ana zarginta da sammu, alhali 'yarta ce ke goyon yaron har tana makara a makaranta, kuma ƙaramin ɗanta ne ya fi shan cizo. Da farko ta ce babu ruwanta. Ban matsa ba. Abu ɗaya na roƙa: in ya yi ihu ranar girkinta, kada ta yi tsawa, ta kira yayarsa. Na kuma nemi uban ya faɗa a gaban kowa abin da likita ya ce, cewa lalura ce da ake haihuwar yaro da ita, ana samunta a kowace ƙasa, a lokacin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100, ba aikin hannun kowa ba ne. Bayan wannan ta sauko da kanta. Ita ce ma ta lura cewa yana kifar da kwano ne in an zuba miya a kan tuwo. In aka raba masa su sai ya ci.

Ita kuwa yarinyar, mun sa an rage mata. Ba daidai ba ne a gina gyaran yaro ɗaya a kan karatun wata. An tsayar cewa da safe har ta dawo daga makaranta, yaron na uwarsa da kakarsa ne.

Koma-baya

Da lokacin kaka ya yi aka shiga girbin gero da roron wake, gidan ya watse. Uban yana gona har magariba, zuwa wurin tumaki ya tsaya, mata suna sussuka, ba mai bi ta kan ƙusoshi. Ana cikin haka uwar ta tafi garinsu biki ta yi kwanaki. Da ta dawo gwangwanin safe ya sake nauyi, an kuma ɗaure shi sau ɗaya. Uban ne ya faɗa da bakinsa a waya, abin da na ɗauka alama ce mai kyau.

Ba mu ƙaro sabon abu ba. Muka zaɓi guda biyu da ba za a bari ba ko ana ruwan wuta: miƙa hannu kafin a ba shi abu, da “kaza tukuna, sannan buta.” Sauran a dawo da su in an samu sarari. Dawowar ta fi farawar sauri nesa. Duk mai tsara irin wannan aiki a karkara ya sa kalandar noma a gabansa; makonni 24 a jere irin na Amurka ba su da wurin zama tsakanin shuka da girbi, kuma rani ya fi dacewa da farawa, in dai maigida bai tafi cin rani ba.

Inda aka tsaya

Bayan kimanin wata shida, gwangwanin da kan tara tsakuwa bakwai ko takwas a yini ya koma ɗaya ko biyu, wata rana ma babu. Buga kai ya zama sai jefi-jefi, yawanci in ba shi da lafiya ko an yi baƙi da yawa. Shatin haƙora ya bar damtsen uwar. Yana miƙa hannu ya nemi ruwa da abinci da buta, yana faɗin “ba ni” da “ruwa” da “Inna” a inda suka dace, yana saka wando da ɗan taimako. Ana yi masa wanka kullum.

Galahangar tana nan. Har yanzu ba ya wasa da yara, yana toshe kunne in an tayar da inji, yana farkawa tsakar dare ya yi ta zagaye ɗaki, kuma in aka manta sakata zai fita. Ba kuma za a jingina duk sauyin ga horon ba: an cire haƙorin da ke damunsa, ya ƙara wata shida a duniya, an daina dukansa. Amma yadda rigimar ta dawo da aka saki tsarin lokacin girbi, ta kuma sauka da aka koma masa, ya nuna tsarin yana da nasa kaso.

Kuɗin da gidan ya kashe bai wuce na mota zuwa Kano da cire haƙori da sakata da ƙusoshi ba. Abin da ya ci shi ne lokacin ma'aikata, kuma nan ne matsalar take in ana son a faɗaɗa. Ziyarar gida ɗaya ɗaya ba za ta isa ƙauyuka ba. Sai an haɗa iyaye rukuni-rukuni kamar yadda tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya ya tanada, a kuma gayyaci kakanni da kishiyoyi tun zaman farko, a yi wa maza nasu zaman daban. Tun da labarin ya bazu, mata biyu daga ƙauyukan kusa sun zo da yara masu kama da wannan, ɗaya da tabon igiya a ƙafa.

Abin da ke gabanmu yanzu bayan gida ne da makaranta. An rataya ƙaramin fo a ƙusa ta shida, ana zaunar da shi bayan koko da bayan tuwon dare. Malamin Islamiyyar unguwa da farko ya ce ba zai iya ba, yara sun yi yawa kuma hayaniyar karatu za ta tayar da shi. Bayan uban ya je da kansa, ya yarda a gwada: yaron zai zauna a bakin tabarma daga can gefe kusa da yayarsa, na ɗan lokaci kaɗan a farkon zama, a fitar da shi tun kafin ya gaji, kuma malam ya yi alkawarin bulala ba za ta je gefen ba. An tsayar za a fara bayan Sallah.